Ruwan Alwalar Baba

Zuwa ga ƙanena Salisu, a Abijan.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da Rahina da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan Cadawa alhamdu lillahi, an haƙe aya, ta kuma yi kyau. Maiɗakina Lubabatu ta sauka lafiya, mun samu Ihsan.

Sai maganar Baba, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Ka san ciwon nan da ke fizgar masa kuncin dama kamar an jona masa wutar lantarki, musamman in ruwan sanyi ya taɓa fuskar wajen alwala. Mutanen masallaci suka ga yana zabura daga buta, sai aka fara raɗa wai iska ne da ba ya son salla ya shige shi. Baba fa, wanda ya tsufa a sahun gaba! Wannan ban yi mamaki ba, bakin mutane ba ya da ƙyaure. Abin da ya ƙona ni shi ne saƙon muryar da ka aiko, kana cewa ya ajiye ƙwayoyin hawan jini, wai suna hana ruƙiyya kamawa. Ya kuwa ajiye.

Ni ban yi nisa a karatun boko na lakol ba, amma da buhu ɗaya na fara har na kai ga sito, ban taɓa sayen kaya ban kwance bakin buhu ba. Na ɗauki Baba zuwa asibiti a Maraɗi. Likita ya ce jijiya ce ta fuska, sau da yawa hanyar jini ce ke danne ta, kuma an lura ciwon ya fi samun masu hawan jini. Da ya auna Baba sai ya tambaye ni wane ne ya ce ya daina magani, don shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. Na rufa maka asiri. Ya ba da maganin jijiyar, ya ce a kuma koma wa na hawan jinin. Liman kuma ya ce a ɗumama masa ruwa, ranar da ya kasa ya yi taimama.

To ga inda muke. Baba ya karɓi ruwan ɗumi, ya ƙi ƙwayar hawan jinin, wai sai abin da Salisu ya ce. Ni ke kai shi, ni ke kwana da zullumi, amma ɗan nesa shi ne mai zaƙin murya. Ban saba roƙo ba, ka sani. Yau na roƙe ka, ka kira shi da bakinka ka warware abin da ka ƙulla, tun yana iya ɗaga butarsa da hannunsa.

Ka gaida Rahina da Mujahid. Inna Larai da Sule suna gaishe ka.

Naka yayanka,
Abdulmumini