Ranar da Hauwa'u Ta Karɓi Kyautar Lissafi

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya iyali, yaya ƙafar taka? Mu nan Ƙaura lafiya lau, in ban da kunyar da na jawo wa kaina.

Ka tuna ɗiyata Hauwa'u, wadda ta ci tara cikin ɗari a lissafi? Ni na karanta sakamakon da ƙarfi a taron suna, na ce lissafi jini ne, jinina kuwa a aji huɗu ya tsaya. Aka yi ta dariya, tana tsaye da tiren shayi.

Tun ranar, kullum bayan asuba tana duƙe kan takardun buhun siminti, tana maimaita tambayar lissafi ɗaya a kansu har amsa ta fito. Shekara guda cur! Ni kuwa gwanin, na riƙa kwashe takardun ina naɗe ƙuli-ƙuli a Kasuwar Daji.

To, bana ita ta zo ta ɗaya a lissafi. Ranar ba da kyauta na saka babbar riga na tafi makarantarsu, ba wanda ya gayyace ni. Shugabar ta tambaye ta wa ya taimake ta a gida. Na fara miƙewa. Sai Hauwa'u ta ce, "Ba kowa, Malama. Baba ya ce bai da abin da zai ba ni, kuma gaskiya ya faɗa." Aka tafa. Na tafa.

Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ka gaida su Inna Rabi, ku sa ni a addu'a. Ban taɓa roƙon ɗan cikina gafara ba, kuma ita ba ta da niyyar sauƙaƙa mini.

Ƙaninka,
Bala