Baba, Na Ga Agogonka

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ban girma. Na san takardar ga ba za ta iso hannunka ba, amma in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa? Baba, agogonka ya dawo gida! Wanda aka zare maka a tashar mota shekarar da ka kwanta ciwo.

Tun da soja suka ƙara albashi, garin ga kowa sai agogo mai batir, tsofaffin an zubar. Turawan da ke aikin siminti a Kalambaina kuwa su suke bi, musamman waɗanda fuskarsu ta koɗe. Har wasu 'yan kasuwa sun koyi shafa wa fuskar ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa.

Ranar Juma'a na biyo ta Ƙofar Taramniya, sai na ga wani Bature durƙushe gaban faifan wani mai agogo, yana zaɓe. Na tsaya kallo. Na shayin ba su ɓuya, launinsu bai ɗaya ne, har lambobin sun yi dauɗa. Sai ya ɗago wani. Gefen ƙarfe uku ya yi ja kamar busasshen dabino, gefen ƙarfe tara baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi! Wa ke da irin wanga in ba kai ba? Ranar fadama ta gasa rabi wajen noman shinkafa, hannun rigarka ya rufe rabi.

Na riƙe hannun Baturen, ban ko yi sallama ba. Ba ya jin Hausa, ni ba Turanci. Sai na ɗora agogon a wuyan hannuna, na ja riga ta rufe baƙin daidai, na nuna masa rana a sama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sakar mini, na biya mai agogon kuɗinsa.

Da gudu na isa Unguwar Rogo. Inna na gani ta zauna ƙasa, tana dariya tana hawaye. Na murza kan agogon na yi masa wani, sai ga shi yana tafiya!

Ban taɓa gaya maka ba, da ina yaro ba barci ke sa ni kwanciya a hannunka ba, ƙararsa nake saurare. Yanzu Inna ta hana ni shi. Wai maɗaurin ya yi mata yawa, ta sa na huda sabon rami.

Allah ya haskaka makwancinka.

Ɗanka,
Bello