Suna na Shida a Bangon Littafi

Sampaloc, Manila
Laraba, 6 ga Yuni, 2007, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma

Zuwa ga yayana, Kuya Rodel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma aikin gyaran jiragen ruwa a Subic bai sake tayar maka da ciwon bayan nan ba. Yaya matarka, Ate Nimfa, da nauyin jiki? Allah ya sauke ta lafiya.

Ina rubuto maka ne a kan bencin ƙofar sashenmu, ina fuskantar takardar da na liƙa shekaranjiya, ta masu son shiga ajin harshen Latin mataki na biyu. Shekara biyu ke nan ni ke liƙa ta. Suna bakwai ke kanta. Dokar jami'a sai goma, in ba su cika ba a rushe ajin, kuma Laraba mai zuwa da ƙarfe biyar za a rufe rajista.

Ba ka samu zuwa bikin yaye mu ba ranar 30 ga Maris, amma na san Inay, mahaifiyarmu, ta ba ka labari, tunda babu wanda ba ta ba ba a garinmu Lucban. Farfesa Dimayuga, da ya yi ritaya bana, ya miƙa mini Lolo a gaban jama'a. Lolo tsohon littafin nahawu ne da aka ɗinka wa fararen takardu a tsakanin shafuka, malamai biyar suka cika su da rubutun hannu tun 1931, shi ya sa muke kiransa kaka. A gefen wata doguwar jimla ta wani lauyan tsohuwar Rum, wadda sai ka yi layi tara kafin ka ga inda ta dosa, wani ya rubuta: a nan ɗalibai suke faɗuwa, a ba su kwana biyu. Duk wanda aka miƙa wa littafin shi ke gadon ajin. Ba a rubuta haka a ko'ina ba, ba a kuma taɓa saɓawa ba. Sunayen malaman na cikin bango, kowa da shekarar da ya fara. Nawa ne na shida, da hannun Farfesa.

Ga abin da ban gaya wa kowa a gida ba. Ranar 7 ga Mayu, Misis Abuel, shugabar sakandaren garinmu, ta ba ni gurbin malamar Turanci. Na yi godiya, na ce ina da aiki a Manila. Kuya, ba ni da takardar ɗaukar aiki. Ina jin nauyin tambayar Farfesa, kamar ina tuhumar mutumin da ya ɗauke ni 'ya. Jonalyn, 'yar ɗakinmu mai karatun jinya, ta ce, “Ke dai kin iya hira da matattu, amma rayayye guda ya gagare ki tambaya.”

Don Allah kada ka gaya wa Inay. Saura mutum uku.

Ƙanwarka,
Perpetua

Alhamis, 14 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Kuya Rodel,

Ina gaishe ka da iyali. Na ga wasiƙarka jiya. Ka ce in kwantar da hankali, manya ba sa wasa da irin wannan. Ni ma haka na ɗauka.

Sun cika goma jiya, ƙarfe uku da minti arba'in. Azuzuwa goma sha ɗaya na shiga ina roƙo. Kowa karatun jinya yake so yanzu, saboda fita waje. Wani yaro ya tambaye ni wace ƙasa ce ke ɗaukar masu Latin, aka kwashe da dariya. A ƙarshe na samu mutum biyu masu burin karatun lauya, da wani da ya bar makarantar horar da limaman coci. Na cire takardar, na sauka ofishin rajista da gudu.

Ate Luz, magatakardar da ta san ni tun ina shekarar farko, ta karɓa, ta juya ta, ta ajiye. Ba ta ko duba na'ura ba. Ta kira ni da sunan gida ta ce, “Kin ci abinci kuwa, Petring?” Sai da na tambaye ta sau uku kafin ta buɗe aljihun tebur ta nuna mini kwafen bayanin wani taro na tsangaya. An soke Latin mataki na biyu, daga wannan zangon. Kwanan watan taron 12 ga Fabrairu ne. Mutum takwas suka sa hannu, na huɗu Farfesa Dimayuga. Na san hannunsa fiye da nawa, shekara uku yana yi mini gyara da jan biro.

Na ƙirga, Kuya. Daga 12 ga Fabrairu zuwa 30 ga Maris kwana arba'in da shida ne.

Kwana tara takardata na liƙe a ƙofa. Sakataren sashe yana wuce ta safe da yamma. Ate Luz ta ce duk sun gani, kowa na jiran wani ya faɗa mini, don ba wanda ke son ya ba ni kunya. To, sun kyauta. Ni ce kuma na koma na nemi mutum goman nan ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri.

Na buga wa Misis Abuel waya. An ba wata gurbin tun 28 ga Mayu.

A gaida Ate Nimfa.

Perpetua

Talata, 19 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Kuya,

Ina fata kun tashi lafiya. Ni lafiyata ƙalau, sai dai abinci ba ya shiga.

Ranar Lahadi na je Marikina, gidan 'yar Farfesa inda yake zaune yanzu. Na ɗauki hannunsa na kai goshina don gaisuwa, kamar kullum. Ya yi murna da ganina, kuma murnar gaske ce, wannan ne ya fi ci mini rai. Aka kawo dafaffiyar ayaba da koko. Ya ɗauko wata waƙa ta makiyaya da muka karanta bara, ya ce in karanta masa da ƙarfi. Na karanta layi talatin da ɗaya, ya gyara mini wuri guda, gyaran kuma daidai ne. Awa ɗaya da kwata muka yi kafin na iya tayar da maganar.

Da na ambaci taron Fabrairu, ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce, “'Yata, littafi na ba ki. Ban ce miki komai a kan aiki ba.”

A mota na yi ta bin maganarsa ta ranar biki kalma bayan kalma, ko zan kama shi da ƙarya. Ban kama shi ba. Abin da ya ce shi ne, “Riƙe shi da kyau, ba ya son danshi.” Ke nan. Sauran duk ni na karanta, ni da ya koya wa kada in ƙara wa marubuci abin da bai faɗa ba. Amma shi ma a haka ya karɓi ajin a 1968, da littafi a hannu, babu takarda. Ya san abin da kowa zai fahimta.

Ya ce in ya kai littafin laburare gara za ta cinye, kuma ni ce ɗalibar da ta fi cancanta a shekara ashirin. Ya ce ya so ya gaya mini ranar bikin, sai ya ga Inay tana share hawaye da mayafinta, ya kasa. Da zan tafi ya sa aka ƙunsa mini ragowar ayabar. Na karɓa, na kuma yi godiya. Wannan godiyar ce ba na yafe wa kaina.

Da na dawo na buɗe bangon littafin. Gurbin shekara a gaban sunana babu komai. Tun Maris na gani, na ɗauka ya bar mini ne in cika da hannuna.

Ka san ni, ba na son faɗar abin da ban tabbatar ba. Ga waɗanda ban sani ba har yanzu:

Ko Farfesa ya yi musu gardama a taron, ko hannu kawai ya sa. Takardar ba ta nuna ba.

Ranar da ya rubuta sunana, kafin 12 ga Fabrairu ne ko bayanta.

Aikin da zan nema. Jonalyn ta ce kamfanin amsa waya na ɗaukar masu Turanci, ba sa tambayar me ka karanta.

Inda zan ajiye Lolo. Ɗakinmu na yoyo ta kusurwar taga, na dai naɗe shi a leda biyu.

Wanda zai sauke ƙyallen nan da Inay ta sa aka buga ta rataye a ƙofar gida, mai hotona da rubutun “Malamar Jami'a”. Ta ce mini a waya tana goge shi duk bayan ruwan sama. In za ka je gida ƙarshen wata, ka gaya mini ranar, mu shiga tare.

Ƙanwarka,
Perpetua