Ruwan Juma'a a Karantina

Ka'akiyya, Makka

Zuwa ga Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Saudat da yara. Yaya Kano, yaya ƙafar taka? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai Inna.

Na ba wani mai Umara wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Tun da aka rushe unguwarmu Karantina muka baro Jidda, muka kama haya a nan, Inna ba ta dawo daidai ba. Ba ciwo ba ne. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta cika buta, ta tsaya tsakiyar ɗaki tana dube-dube. Wai tana jin kukan jariri. Na ce mata a bene muke, maƙwabtanmu kuma gwagware ne masu aikin gini, jaririn wa? Ranar ta gaya mini.

Ashe kafin a haife ni an yi mini wa, Hudaifa, wanda ko arba'in bai kai ba ya rasu. Lokacin Baba ba shi da iƙama, wato takardar zama, ba halin zuwa maƙabarta, sai aka yi yadda ake yi a garinsu, aka binne shi a bayan ɗaki. Lallen nan da take ba ruwa duk Juma'a, har ina tsokanarta wai ta fi son shi da mu, a kansa yake. Kai ka sani, Yaya, ka yi shiru. Gaskiya na ji haushinka.

Ranar kwashe kaya mai motar ya yi ta yalla-yalla yana azalzalar mu, ba ta samu ta yi masa sallama ba. Yanzu so take a kai ta ko sau ɗaya. Maigidana ya je ya dubo, ya ce fili ne fetal, sai masallacinmu kawai aka bari. Don Allah ka tuno mini wata alama da rusau ba ya ci. Ta daina cin abincin kirki, ina jin tsoro.

Ka gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka, Mas'uda

Ka'akiyya, Makka

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma yafe maka.

Mun je ranar Juma'a da jarkar Zamzam. Tun daga garin Bahra a hanyar Jidda Inna ta sauke gilashi, wai tana jiran warin teku. Ta yi ta ba mu labarin kakanmu, yadda ya tsallako daga Sawakin ta Sudan a jirgin ruwa, da yadda a da ake killace alhazai saboda cuta kafin a sake su, wai daga nan unguwar ta samo sunanta na Karantina. Rabona da in ji ta yi magana mai tsawo haka har na manta.

Sai muka shiga unguwar. Yaya, babu unguwar Gulel, babu ta Sabil, babu lungun masu tsire. A bakin teku muka girma amma daga gida sai dai warinsa, yanzu ga ƙarafunan tashar jiragen ruwa can ƙarara.

Na yi yadda ka ce. Na yi ta matsawa har hasumiyar masallaci ta rufe bututun matatar mai, kamar yadda take rufe shi daga ƙofar gidanmu. Sai dai alamarka layi ta ba mu, ba ta faɗi nisa ba. In na yi gaba a rufe yake, in na yi baya a rufe yake.

Ita ba ta tambaye ni ba. Ta karɓi jarkar, ta faro daga gindin masallaci, tana tafe tana yayyafawa, tana kiran sunansa a hankali. Ta ce ko'ina yake a kan layin, ruwan zai same shi. Haka ta yi har jarkar ta ƙare.

Yanzu tana cin abinci, wannan Juma'ar kuma ba ta taɓa buta ba. Ni ce abin bai saka ba. Da muka juyo mota na ga ƙasa a jiƙe can gefe, nesa da layinmu. Na ga wani wurin, na ga wani. Ba a yi ruwan sama ba, Yaya. Wasu matan sun riga mu zuwa.

Ka sa mu a addu'a, ka sa su ma.
Taka, Mas'uda