Inna Ta Ɗinka wa Esi Riga

Gumel,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Abdulganiyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Nana Firdausi da yara gaba ɗaya. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan Gumel lafiya lau, sai zafin bazara da ya tsaya mana a ka. 'Yata Muhsina ta sauka lafiya a Gagarawa, an sami mace, an yi mini takwara. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi, har ya koma zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Inna ma tana nan da sauƙi. Na faɗa maka ne kawai, don na lura a kwanakin nan lafiyar esi kake tambaya, na'urar sanyaya ɗakin nan da ka aiko mata, ba tata ba.

Na zaɓi in rubuta in ba Yazid direba, mai kai shanu Fatakwal, saboda takarda ba a katse ta. A waya da na buɗe baki sai ka ce kana da taro. Kuma na ji saƙon muryar da ka saka a zauren dangi na waya, wanda kowa ya saurara har surukaina, inda ka ce ka turo wa Inna abin hutu an bar shi a hannun sakarkaru sun kashe. Ba ka kama suna ba, amma kowa ya san wace ce ke shiga ɗakin Inna safe da yamma. Ka girme ni, ba zan zage ka ba. Sai dai baki in ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba, kuma yau za ka ji naka.

Mu fara daga ranar da aka kafa esin. Mutanen da ka turo daga Kano sun iso da rana tsaka suna ta duba agogo, kai kuma kana kan waya kana ba da umarni kamar kana tsaye a tsakar gidan. Na roƙe ka a fasa bangon da ke kallon tsakar gida a saka shi a can. Suka ce ginin ƙasa ne da shafen siminti, fasa shi aiki ne, ga taga nan a shirye. Ka ce a bi maganar masu sana'a, mata su matsa gefe. Suka ɓalle ƙyauren tagar, suka yanke ƙarafunanta, suka haɗa firam na katako suka tura esin ciki, gefe da gefe suka toshe da falanki da soso har ko tsinke ba zai wuce ba. Don gaggawa ma ba su karkata shi baya ba, suka bar goshinsa a sunkuye. Ranar da wuta ta fara zama, ruwan da ya kamata ya zuba waje sai ya biyo bango ta ciki, ya jiƙa dardumar Inna da buhun geronta. Ni ce na nemo Jonathan, mai gyaran firji na bakin tasha, ya zo ya sassauta shi ya ɗaga gaban ya sa masa katako, ruwan ya koma ɗiga a lungu. Wannan ba ka saka shi a zauren dangi ba.

Yanzu bari in tuna maka wace taga ce, tunda ka daɗe ba ka gan ta ba. Ita kaɗai ce a ɗakin. Ta nan Inna ke jin ladan, don kunnenta ya yi nauyi, lasifikar masallacin kuma lungun take kallo. Ta nan take samun hasken zura zare a allura. Ta nan Iya Kande, maƙwabciyarta tun suna amare, ke tsayawa kullum da hantsi su gaisa, a miƙa goro a karɓi kunu, a yi lissafin wanda ya rasu da wadda ta haihu. Iya Kande gwiwa ta hana ta zagayowa ta zaure, Inna ma ba ta iya doguwar tafiya, tagar nan ce zumuncinsu. Kuma daga bakin gadonta, in ta ɗan leƙa, tana hango bakin titin da motocin tasha ke sauke mutane. Duk wannan aka toshe da ƙarfe a yini ɗaya, aka ɗauki hoto aka turo maka, ka yi ta karɓar sambarka.

Sai kuma ka manta cewa Gumel ba Fatakwal ba ce. Wuta takan zo ta wuce kamar mai leƙen gidan suna, in ma ta zauna sau da yawa ba ta da ƙarfin tayar da shi, sai ya yi gurnani ya yi shiru. Ƙaramin injin da ke gidan fanka da fitila kawai yake ɗauka. To in babu wuta fa? Ɗaki ba taga, rufin kwano, watan bazara. Na sha shiga in tarar da Inna a zaune cikin duhu da rana tsaka, mafici a hannu, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ƙuraje sun feso mata a wuya. In ce ta fito rumfa, ta ce a'a, kar wuta ta zo abin yayanku ya yi ta aiki ba kowa. Garin neman gira aka tashi rasa ido, amma kai kana can kana cewa ka fitar da uwarka daga zafi.

Ka ce ba a kula da shi. Wallahi Yaya wannan maganar ita ta fi ƙona mini rai. Duk ranar Juma'a ni nake cire murfin gaban, in zaro ragar da ke tare ƙura, in wanke ta da ruwa da sabulu, in shanya a inuwa sai ta bushe in mayar, yadda Jonathan ya nuna mini. Kafin zafi ya kankama na sa ya zo ya sauke shi gaba ɗaya, ya fitar da shi tsakar gida ya wanke gaba da baya, ya fitar da gidan zanzaro daga cikin fankar, ya auna gas ya ce bai ragu ba. Na hana jikoki taɓa makunninsa. Na koya wa Inna cewa in wuta ta ɗauke ta dawo kar ta kunna nan take, ta ɗan jira tukuna. Ni da ko firji ba ni da shi a ɗakina na zama baiwar esi, sakayyata kuma ita ce sakarkaru.

Za ka ce ai kana tambayar Inna a waya, tana ce maka alhamdulillahi. Kai ɗan fari ne, Yaya, ko zaman Kudu ya sa ka manta? Tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, yayanku take cewa. Ba ta taɓa zama ta yi doguwar hira da kai ba, ba ta taɓa ce maka ga abin da take so ba. Matar da kunya ta hana ta kiran sunanka ita ce za ta buɗe baki ta ce kyautarka ta dame ta? Ko wuta ka aiko mata a kasko alhamdulillahi za ta ce. Ni ma da na ce zan gaya maka a cire, hana ni ta yi, ta ce yaro ya yi ƙoƙarinsa, ba a mayar da hannun kyauta baya.

To ga yadda ya mutu, tunda shi kake wa makoki. Na tafi Gagarawa zaman jegon Muhsina. Bayan tafiyata, wata rana da la'asar Inna ta dogara sandarta ta zagaya lungu don ta gaida Iya Kande, abin da ta daɗe ba ta yi ba. A hanya ta ga bayan esin ya turo waje, rana ta faɗa masa, ta kai hannu ta ji shi zau. Ba ta san cewa haka bayansa yake ba, ta nan yake fitar da zafin da ya kwaso daga ɗaki. Ita a ganinta rana ce ke cin abin yayanmu. Ta koma gida ta buɗe adakarta ta ɗauko zane, ta zauna a rumfa da idon nan nata da ba ya gani sosai, ta ɗinka masa riga ruɓi biyu, har da igiyar zugewa. Ta ba Iya Kande ta sa aka ɗaura masa ta waje, aka tsuke tam. A makon kuma sai aka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, wuta ta zauna. Inna ta kunna kamar yadda ka umarta. Ya yi ta aiki ba inda zai yi numfashi, ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi, har ƙauri ya cika ɗakin.

Da na dawo na kira Jonathan. Ya fara canza kafasito, wani ɗan gwangwani da ke tayar da injin, ko Allah zai sa abin ya tsaya nan. Bai tashi ba. Ya zagaya lungu don ya duba bayan, sai ga shi ya dawo da rigar a hannu. Daga baya ya gaya mini kwamfureso ne ya ƙone, wato zuciyar abin, kuma ko an sa wani ba lallai ya yi ƙarko ba. Inna tana daga rumfa tana jin mu. Ta tambaye shi a hankali ko rigar ce ta yi kaɗan.

Na karɓi rigar na juya ta, sai na gane zanen. Yaya, zanen saƙin nan ne baƙi mai ratsin fari, wanda aka goya ka da shi. Ka san Inna ba ta goya ka a gaban mutane ba, marigayiya Goggo Kyauta ce ta yi ta fama da kai a bayanta. Amma da aka yaye ka zanen wurin Inna ya koma, kuma tun muna yara in ta buɗe adaka muna ganinsa a can ƙasa, ba mai taɓawa. Ko da na haihu na roƙe ta shi, ta hana ni. Shi ta sa wa almakashi. Na tambaye ta don me, ga tsofaffin zannuwa cike da ɗaki. Ta kawar da kai ta ce yayanku tun yana ƙarami ba ya jure rana. Abin da ta faɗa ke nan, ta tashi ta shiga alwala. Ni kuwa na zauna a bakin rijiya na yi kuka mai isata, kuma ina cikin kukan ne saƙonka na sakarkaru ya shigo.

Saboda haka ka ji abin da na yi, kuma ban nemi izininka ba. Na sa Jonathan ya sauke esin. Na kira Ɗalha kafinta ya ciro falankin da soson, ya mayar da ƙyauren da na ɓoye a ɗakin ajiya tun ranar da aka ɓalle shi, mai walda ya mayar da ƙarafuna. Washegari da hantsi na ji muryar Iya Kande a lungu tana cewa ashe mai ɗakin tana da rai. Suka yi ta dariya har da tari. Ƙurajen wuyan Inna sun fara bushewa, ta koma jin kiran salla da kunnenta ba sai an zo an gaya mata ba.

Na ji kuma ka gaya wa Kawu cewa za ka turo wani wanda ya fi wannan girma, a faɗaɗa tagar a ɗaure shi da siminti yadda ba mai iya cirewa. To ka sani, duk wanda ya zo da guduma zai tarar da ni zaune a bakin tagar nan, sai dai ya fara fasa ni. Ka kai ƙarata wurin Kawu, ka kai wurin duk wanda ka ga dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In sanyi kake so wa Inna, akwai hanyoyin da ba sai an rufe mata ido da kunne ba, amma wannan magana ce ta wanda ya zo ya zauna a ɗakin ya ji yadda yake, ba ta mai ba da umarni ta waya ba. Sallah nawa aka yi ba ka taka garin nan ba? Kai ka sani, ni ba zan ƙirga maka ba. Injin wanki ka aiko, talabijin ka aiko, esi ka aiko, duk ga su nan a ajiye. Zuwa da kai dai ya fi saƙo.

Mataccen esin ma yana nan, kar ka ce an sayar. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo, Inna ta ce ba inda za a kai shi. Yana gefen gadonta, tana goge masa ƙura da bakin mayafinta. Ita kuma yanzu a bakin taga take yini, duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta ɗaga kai ta duba masu sauka, sannan ta koma kan carbinta.

Ka gaida Nana Firdausi da kyau, ita ba ruwanta. Ka shafa mini kan Abdulfatah da Nura, ka gaya musu suna da kaka a Gumel, in ba su sani ba. Kawu yana gaishe ka, Muhsina da maigidanta suna gaishe ka, Iya Kande ta ce a tambaye ka ko ka manta hanyar lungu ne. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba. Amma da ta ga ina rubutu ta tambaye ni ko garin da yayanku yake akwai rana sosai. Sannan ta ɗauko rigar nan, ta riga ta wanke ta ta ninke, gefe ɗaya duk ya babbake, ta ce in sa a cikin kayan Yazid. Ba ta faɗi wanda za a kai wa ba.

Ban sa ba. Tana nan a kan esin. In kana so ka zo ka karɓa a hannunta.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka, wadda ka kira sakarya,
Fadimatu.