Hayaƙin da Ya Ƙi Jin Magana

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya Auta da rigima?

Ni lafiya lau, sai aiki. Har yanzu ina fama da hayaƙin fim ɗin nan da nake haɗawa a kwamfuta. In na rage shi, ya ɓace ɓat. In na ƙara kaɗan, ya turnuƙe fuskar jarumin. Mako uku ke nan. Jiya shugabanmu ya tsaya a kaina ya ce, "Zuwa Juma'a, ko mu nemi wani." Takardar izinin zamana a ƙasar nan kuwa da aikin take rataye.

Kada Inna ta ji. Ki ce mata har ƙiba na yi. Amma ki hana a zuba tarkace a ɗakina, ina jin na kusa buƙatarsa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki