Taron Masu Kitso a Gidan Anti Ladi

Lahadi da dare, Greensboro

Yau bayan coci Anti Ladi ta tara mu masu kitso a gidanta. Wai mu tsayar da farashi ɗaya, mu kuma hana mai kawo mana gashi sayar wa Hadiza, sabuwar mai shago a Glenwood, don tana araha.

Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, ban da ni. Lauyar da nake wa kitso ta ce kotunan jihar nan suna hukunta irin wannan haɗin baki."

Ta ce, "Ni da na koya miki sana'ar?"

Maganar ta sosa min rai, har yanzu ma tana damuna. Amma da na miƙe, mutum biyu suka biyo ni, taro ya watse. Ba na tsoron arahar kowa, na yarda da hannuna. Gobe zan je gaida Anti, ko da ba za ta amsa ba.